Dorugu da Abbega: Samari Biyu a Gidan Limamin Kirista a Ingila



A ranar 6 ga Satumba, 1855, wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth ya isa birnin Landan bayan ya shafe fiye da shekara biyar yana yawo a ƙasashenmu, tun daga Tarabulus zuwa Agadas da Kano da Kukawa, har Tumbuktu. Mutanen Barno da na ƙasar Hausa sun san shi da sunan Abdulkarim. Tare da shi akwai samari biyu: Bahaushe mai suna Dorugu, da Bamargi mai suna Abbega. Labarin Barth ya cika littattafan Turawa. Namu na yau a kan yaran nan biyu yake, domin a cikin rayuwarsu akwai wata mas'ala da ta shafi duk wanda ya tashi a zango: idan saurayi ya faɗa ƙasar da ba shi da kowa, wace jama'a ce za ta karɓe shi, me za ta ba shi, me kuma za ta kasa ba shi?

DAGA DAMBANAS ZUWA LANDAN

An haifi Dorugu wajen shekarar 1840 a wani ƙauye da ake kira Dambanas, a ƙasar Damagaram. Yana yaro mahara suka kama shi, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har ya tsinci kansa a Kukawa, babban birnin Barno a zamanin Shehu Umar. Abbega, wanda ya ɗan girme shi, shi ma bauta ce ta raba shi da ƙasar Margi. A can Barno wani abokin tafiyar Barth mai suna Adolf Overweg ya 'yanta su duka biyu, suka zama barorinsa. Da Overweg ya rasu a bakin tafkin Cadi a watan Satumba na 1852, sai suka koma hannun Barth.

Da shi suka bi ta Damagaram da Katsina da Sakkwato da Gwandu, suka haye Kwara a Say, suka shiga Tumbuktu a watan Satumba na 1853, inda Shehu Ahmad al-Bakka'i ya ba Baturen mafaka watanni da dama alhali wasu na neman ransa. Suka komo Kukawa, sannan a 1855 suka ratsa Sahara ta Bilma da Murzuk zuwa Tarabulus. Wannan ita ce hanyar da ake kora bayi zuwa arewa, wadda matafiya suka ba da labarin ƙasusuwan mutane zube a bakin rijiyoyinta. Su kuwa yaran sun bi ta suna 'ya'ya. Daga Tarabulus jirgin ruwa ya kai su Malta da Faransa, daga nan sai Ingila. Barth ya kuma tafi da su garinsu Hamburg a Jamus, kafin su sake dawowa Ingila.

Mai karatu ya lura da abu guda. Kafin ƙafarsu ta taka Turai, yaran nan sun riga sun rasa gida da dangi. Abin da ya rage musu a matsayin jama'a shi ne ayarin Abdulkarim: raƙuma, da barori, da hirar dare a bakin wuta. Ranar da tafiya ta ƙare, ayarin ya watse. Barth ya zauna rubuta littafinsa mai juzu'i biyar, su kuwa aka bar su a ƙasar sanyi, Dorugu yana ɗan shekara goma sha shida ko kusa da haka.

GIDAN DA YA BUƊE

A garin Chatham, gabas da Landan, akwai wani limamin Kirista mai suna James Frederick Schön. Shi ma Bajamushe ne, an haife shi a 1803, ya yi karatun mishan a Basel, ƙungiyar mishan ta cocin Ingila da ake kira CMS ta tura shi Saliyo a 1832. A can ya koyi Hausa a bakin Hausawan da jiragen Ingila suka ƙwato daga hannun masu fataucin bayi aka sauke su a Freetown. A 1841 ya shiga ayarin jiragen da suka hau kogin Kwara tare da Samuel Ajayi Crowther, suka kai ƙasar Nufe, zazzaɓi ya kashe Turawa da yawa, aka juyo. A 1843 ya buga ƙaramin littafin kalmomin Hausa. Rashin lafiya ya mai da shi Ingila, ya zama limamin wani asibitin sojan ruwa a Chatham. Har ya bar duniya a 1889 bai taɓa taka ƙasar Hausa ba.

To, ga mutum mai ƙishin Hausa ba shi da mai yi masa ita, ga kuma yara masu Hausa a baki ba su da masauki. A 1856 suka koma gidansa. Barth bai ji daɗin haka ba, domin niyyarsa ita ce a mai da su ƙasarsu, shi kuwa Schön yana son su zauna, har abin ya jawo ɓacin rai tsakanin Jamusawan biyu.

Mu da muka san al'adar zango mun san abin da baƙo ke nema ranar da ya sauka. Bafatake idan ya iso Salaga ko Kumasi da shanu ko da neman goro, yakan sauka wurin maigida. Maigida ya ba shi ɗaki da abinci, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan rigima ta taso. Da magariba ya bi sahu a masallaci, kafin isha an san sunansa da garinsu. In ya yi aure akwai waliyyi, in ya haihu akwai mai raɗa suna, in ya mutu akwai masu sutura. A Ingila ta wancan zamani babu ko ɗaya daga cikin waɗannan ga ɗan ƙasar Hausa. Masallacin farko da aka gina musamman domin salla a ƙasar, na garin Woking, sai a 1889 aka gina shi, watau shekara 34 bayan saukarsu. Ko gidan saukar baƙi da aka buɗe a 1857 a unguwar Limehouse ta Landan domin ma'aikatan jiragen ruwa 'yan Asiya da Afirka, masu aikin mishan ne suka tsaya a kansa. Duk ƙofar da ta buɗe wa baƙo irinsu, ta Kirista ce. Ta Schön kuwa ta fi sauran da abu ɗaya mai girma: a bayanta ana jin Hausa.

A gidan nan suka koyi karatu da rubutu, suka shiga rayuwar gidan limami da ibadarsa da cocinsa na ranar Lahadi. Daga baya aka yi musu baftisma, wankan shiga addinin Kirista. Dorugu ya zama James Henry Dorugu, Abbega ya zama Frederick Buxton Abbega. Mai lura zai ga cewa James da Frederick sunayen Schön ne guda biyu, kowane yaro ya sami ɗaya. Buxton kuwa sunan wani gida ne da ya yi fice a Ingila wajen yaƙi da cinikin bayi.

Wani zai karanta wannan ya ce an yaudari marayu. Wani kuma ya ce an cece su. Abin da ke cikin zukata Allah ne masaninsa, ba aikin mai rubuta tarihi ba ne ya yanke hukunci a kai. Abin da tarihi ya nuna a fili shi ne yanayin da abin ya faru: yara biyu, ba uwa ba uba, ba malami ba aboki, sai gida ɗaya da ya ciyar da su, ya tufatar da su, ya kira su da suna. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

ABIN DA AKA SAMU DA ABIN DA AKA RASA

Zaman nan ya haifar da aiki mai yawa. Dorugu yana faɗa, Schön yana rubutawa da haruffan boko. Daga 1857 aka fara buga sassan littattafan Kirista da Hausa, irin su Linjilar Matta da Littafin Farawa. A 1862 Schön ya fitar da littafin nahawun Hausa, a 1876 ya fitar da ƙamus, a 1885 kuma ya fitar da Magana Hausa, wanda ya ƙunshi tatsuniyoyi da karin magana da labarin rayuwar Dorugu da tafiye-tafiyensa kamar yadda ya faɗa da bakinsa. Malamanmu sun daɗe suna rubuta Hausa da ajami kafin wannan, musamman waƙoƙin wa'azi. Amma a fagen zube da haruffan boko, labarin Dorugu yana cikin na farkon farko. A ciki yaron Dambanas ya juya madubi: maimakon Bature ya kwatanta mu, sai ga Bahaushe yana kwatanta Turawa, yadda suke zaman cin abinci da yadda matansu ke ado, da idon baƙo mai lura da ban dariya. A 1971 Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka fassara labarin zuwa Turanci.

Jama'ar da ta karɓe shi ta ba shi ilmi, ta ba shi aminci daga komawa bauta, ta kuma adana muryarsa. Ba don Schön ya rubuta sunansa ba, da yau ba mu san an yi wani Dorugu ba. Wannan gaskiya ce, dole a faɗe ta. Gaskiya ta biyu ita ce, sunan da ke bangon littattafan na Schön ne. Shi aka ba lambar yabo ta Volney a Faransa a 1877, shi Jami'ar Oxford ta ba digirin girmamawa a 1884.

Akwai kuma abin da gidan bai iya bayarwa ba. Abbega ya koma Afirka a 1857, Dorugu ya ci gaba da zama har 1864. Shekara bakwai ke nan saurayi yana girma, daga ƙuruciya zuwa shekarun da tsaransa a Damagaram suke da mata da gona, ba shi da abokin yin harshen uwarsa sai dattijon Bature mai alƙalami a hannu, wanda kowace kalma a wurinsa abin rubutawa ce. Ba abokin wasa, ba tsara, ba wanda za a yi wa habaici ya gane ba tare da an fassara ba. Mutum yana iya samun wurin zama a coci ko a masallaci, a gaishe shi da fara'a kowane mako, amma jama'a ba ta cika sai da waɗanda za su ba shi 'yarsu, su ci abincinsa, su ɗauki gawarsa.

HANYA TA RABU

Abbega ya zauna a Lakwaja, mahaɗar Kwara da Binuwai, inda ya yi wa Baturen nan William Baikie tafinta. A yankin akwai 'yar jama'ar Kirista, domin tun 1857 Crowther ya buɗe tashar mishan a Gbebe, tsallaken kogi, kuma yawancin ma'aikatan mishan na Kwara mutanen Saliyo ne. Amma Lakwaja tana ƙarƙashin inuwar Etsu Masaba na Bida, kasuwarta cike da fatake Nufawa da Hausawa Musulmi masu harshen da Abbega ya saba da shi tun Kukawa. A cikinsu ya yi iyali, ya yi suna, ya ƙare rayuwarsa yana Musulmi, har a zamanin kamfanin Royal Niger aka naɗa shi sarautar garin. Jikansa Maimaina, wanda aka haifa a Jega, ya yi wa Turawa aiki lokacin cin ƙasar Arewa, daga baya ya zama Sarkin Askira, a yankin Margi, ƙasar da aka sato kakansa daga cikinta. Ikon Allah ke nan.

Dorugu kuwa ya komo a 1864, ya yi rayuwarsa yana tafinta ga Turawa. A ƙarshen rayuwarsa ya koyar da karatun boko a makarantar da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909. Shi Ɗan Hausa haifaffen Basel ne, garin da Schön ya yi karatu, ya fara zuwa ne a matsayin ɗan mishan kafin ya shiga aikin gwamnati, kuma a 1906 ya ratsa Sahara daga Tarabulus zuwa Barno, hanyar da Dorugu ya bi shekara hamsin da ɗaya kafin nan yana fuskantar arewa.

Kano ta wancan lokaci ba wurin da mai sunan James zai sami jama'ar coci ba ce. A 1900 ayarin Bishop Tugwell ya isa birnin, Sarki Alu ya umarce su da su fita cikin 'yan kwanaki. Bayan cin Sakkwato a 1903 Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addini ba, gwamnati ta riƙa taka wa 'yan mishan birki a ƙasashen sarakunan Musulmi. Makarantar Nasarawa ma ta gwamnati ce, ba ta mishan ba. A nan Dorugu ya rasu a 1912, daidai lokacin da jirgin ƙasa ya fara kawo mutanen kudu waɗanda suka cika Sabon Gari suka gina coci-coci.

SHEKARA ƊAYA BAYAN RASUWARSA

Abin da Dorugu bai samu a Chatham ba, watau jama'ar Kirista mai magana da Hausa, ya fara tsiro ne a 1913. Tun ƙarni na 19 akwai wasu almajirai da ake kira Isawa, mabiyan wani Malam Ibrahim na Kano wanda ya ba Annabi Isa, alaihis salam, matsayi na musamman a karatunsa. An kashe malamin a Kano, mabiyansa suka watsu, wasu suka nufi Ningi. A 1913 wasu samari daga zuriyarsu suka je wurin Likita Walter Miller, ɗaya daga cikin waɗanda aka kora daga Kano a 1900, wanda ya zauna a birnin Zariya tun 1905. Daga wannan haɗuwa aka kafa ƙauyen Kirista a Gimi. Ciwon barci ya afka wa ƙauyen ya kashe mutane da yawa, sauran suka koma Zariya. A 1929 mishan ta tashi daga cikin birni zuwa Wusasa, aka gina coci da ƙasa bisa tsarin ginin Hausa, ga makaranta ga asibiti. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa.

Bambancin Wusasa da gidan Schön a bayyane yake. A Wusasa akwai tsara, akwai auratayya, akwai tuwo da makabarta. Shi ya sa ta ɗore har ta fitar da mutane irin su Dokta R.A.B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, kuma a nan Janar Yakubu Gowon ya tashi.

Mu a nan muna da misalin da ke nuna ɗaya gefen. Alhaji Umaru na Kete Krachi, haifaffen Kano a 1858, wanda ya rasu a 1934, ya yi zama mai tsawo da Jamusawa masu nazarin Hausa. Ya san Krause a Salaga, ya kuma rubuta wa Adam Mischlich, wanda tsohon ɗan mishan ne, tarihi da al'adun Hausawa masu yawa. Aikin da ya yi musu ya yi kama da wanda Dorugu ya yi wa Schön. Sai dai shi ya zo da ilminsa yana babban mutum, kuma idan ya tashi daga gaban Bature, almajiransa da masallacinsa da zangonsa suna jiran sa. Ya ba su Hausa, ya koma gida. Dorugu ba shi da gidan da zai koma in rana ta faɗi, sai na mai tambayar.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Har gobe samari suna sauka a tashoshin motarmu da 'yar jaka a kafaɗa. Mafi yawansu Musulmi ne, sun san inda za su dosa. Amma a cikinsu akwai Kiristoci masu jin Hausa, daga kudancin Kaduna da Filato da Bauci da Adamawa da Maraɗi, waɗanda suka tashi suna addu'a da waƙoƙin ibada da Hausa. Irin wannan yaro yana tsakanin ruwa biyu. Mutanen gari idan sun ji harshensa sai su ɗauke shi ɗan zango Musulmi. Mutanen zango idan sun ji sunansa Bitrus ko Yohanna sai su yi turus. Cocin da ke kusa da shi ana wa'azi da harshen da ba ya ji, harshen da yake ji kuma yana bakin waɗanda ba addininsu ɗaya ba.

Ba a kafa zango domin a binciki zuciyar baƙo ba, an kafa shi domin a sauke shi. Idan irin wannan yaro ya tambaye ka inda 'yan uwansa ke taruwa ranar Lahadi, nuna masa hanya, ka kuma ce masa ya dawo ya ci tuwo. Magabatanmu na farko sun san daɗin wannan: a shekara ta biyar da aiko Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, sahabbai da yawansu matasa suka yi hijira zuwa Habasha, Najjashi sarkin Kirista ya ba su mafaka, ya ƙi miƙa su ga Ƙuraishawa, ya bar su da addininsu.

Sannan mu dubi namu 'ya'yan da ke tafiya Turai da Amurka da ƙasashen Larabawa neman karatu ko abinci. Kafin yaro ya hau jirgi, a tambaya: wa zai tarbe shi, a gidan wa zai kwana, da wa zai yi Hausa? Wanda bai tanadar wa ɗansa maigida ba, kada ya yi mamakin gidan da ya sauka. Zumunta a ƙafa take, yanzu kuma har a waya.

Allah ya tsare mana baƙinmu da matafiyanmu, ya sa mu zama masu buɗe ƙofa. Amin.